Kuɗin adashi na tura wa mai atamfar Facebook, ya toshe ni

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce a Garwa, ƙasar Kamaru, ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida, kuma ni ce uwar adashin unguwarmu. Mu 10 ne, kowa na zuba jaka 10, wato sefa dubu 10, duk Juma'a, a kwashe bayan mako biyar. Kwanakin baya na ga shafin wani mai sari a Facebook, ya ce shagonsa yana Duwala, kayansa kuma da araha ƙwarai. Muka koma WhatsApp, ya turo min bidiyon shago da hoton katinsa na ɗan ƙasa, ya ce ni ma in turo nawa saboda ajans ɗin, wato kamfanin motocin sufuri, da za ta kawo kayan. Na tura masa jaka 300 ta waya, sai ya ce kuɗin mota da inshora jaka 90, sai kuma na duwan, wato kwastan, jaka 60. Da ya sake neman jaka 40 wai an tsare kayan a Ngaundere, na ce sai na ga takarda. Shi ke nan ya toshe ni, yau kwana biyar. A cikin kuɗin jaka 150 ne nawa, 300 na adashi ne, ga shi saura kwana tara kwasa. Maigidana bai sani ba, ina tsoron ya hana ni sana'a. Na rubuta a ƙarƙashin shafin cewa ɓarawo ne, sai wani ya yi min magana, ya ce shi ma'aikacin ANTIC ne, hukumar tsaron intanet, in ba shi jaka 50 zai dawo min da kuɗina cikin kwana biyu. In ranto in ba shi? Wallahi ko barci ba na iya yi.

Baiwar Allah, daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya mayar miki da alheri, ya sanyaya miki zuciya.

Kada ki ranto, kada ki ba shi ko dala. Mutumin nan na biyu ko dai abokin na farkon ne, ko shi ɗin ne da kansa da wani layi, ko kuwa ɗaya ne daga cikin masu zaman dako a ƙarƙashin irin waɗannan shafuka suna karanta kukan waɗanda aka cuta. Ranar da kika rubuta "ɓarawo" a fili, ranar kika sanar da shi cewa ga wata a ruɗe, ko me aka ce ta kawo za ta kawo. ANTIC hukumar gwamnati ce mai kula da tsaron intanet, tana da ofisoshi, tana da lambar kira kyauta, 8202. Ma'aikacinta ba ya bin mata ta akwatin saƙo yana ciniki da su, ba ya karɓar ladan aiki a layinsa na kansa. In kin ba da jaka 50 yau, gobe zai ce an gano kuɗin amma sai an biya na buɗe asusu, jibi na sa hannun shugaba. Kin dai ga yadda kuɗin kaya ya haifi na mota, na mota ya haifi na duwan. Kada garin neman gira a rasa ido. Ba sai kin tsaya gardama da shi ba. Ɗauki hoton abin da ya rubuto, ki ajiye lambarsa, za ta shiga cikin ƙarar da za ki kai.

Gara in gaya miki gaskiya tun yanzu a kan jaka 450 ɗin nan, don ki daina gina lissafinki a kansu. Masu wannan aiki ba sa barin kuɗi ya kwana a layi. Yana shiga, ko su tura shi wani layin, ko yaronsu ya je kiyos, rumfar masu cirar kuɗin waya, ya ciro shi a hannu kafin ki gama karanta saƙon shaida. Kuɗin da ya zama takarda a aljihun wani babu gwanin kwamfutar da zai janyo shi ta iska. Bayan kwana biyar, abin da ya fi yiwuwa shi ne layin ya bushe. Akan dace wani lokaci, a tarar da saura a rufe layin, ko a kama mutum danginsa su biya don a sassauta masa. Shi ya sa za ki bi sawu. Amma ki bi a matsayin mai neman hakkinta, wadda in ya dawo ta gode Allah. Kuɗin da za ki miƙa wa mai kwasa nan da kwana tara ba daga nan zai fito ba.

Kafin ki fita ko'ina, zauna da wayarki a daren yau. Na san zuciya na cewa ki goge hirar don kada ki riƙa ganinta, ko don kada maigida ya gani. Kada ki goge ko harafi. Ɗauki hoton allon wayar tun daga sallamar farko har inda ya toshe ki, da muryoyin da ya turo, da bidiyon shagon, da hoton katin da ya ce nasa ne, da shafin Facebook ɗin da adireshinsa kafin su sauya masa suna. Mafi muhimmanci su ne saƙonnin nan uku da kamfanin waya ya turo miki bayan kowace turawa. A cikin kowanne akwai rana, da lokaci, da lambar da ta karɓa, da sunan da aka yi wa layin rajista da shi, da wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa, wadda ita ce shaidar cinikin. Da ita ma'aikacin kamfani zai gano turawar a kwamfutarsa cikin minti ɗaya. Kwafe su a takarda da biro, ki kuma tura hotunan duka wayar wani da kika yarda da shi, saboda waya na faɗuwa, tana ɓata. Sai ki je wurin masu buga takardu a fitar miki da su kwafi biyu.

Da safe ki nufi babban ofishin kamfanin layinki da katinki a hannu. Ofishin nake nufi, mai kiyos na bakin titi ba shi da ikon komai a wannan. Ki ce kin zo kai rahoton damfara, ki ba da lambobin shaidar, ki roƙi a rufe layin da ya karɓa, ki nemi a ba ki lambar ƙorafinki a rubuce. Kada ranki ya ɓaci in sun ce ba za su ba ki cikakken bayanin mai layin ba, ko inda aka cire kuɗin. Ba su da izinin ba ki. Irin wannan bayani sai da takardar umarni daga masu bincike ko daga kotu suke fitar da shi. Kuma tunda da hannunki kika sa lambar sirri kika tura, ba za su biya ki daga aljihunsu ba.

Wannan takardar umarnin ita ce dalilin zuwa hukuma. Ki rubuta takardar ƙara da Faransanci, ko ki sa wanda ya iya ya rubuta miki, a kai komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko wurin jandarma, ko kai tsaye ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun Garwa. A rubuta abin yadda ya faru, rana bi rana, kuɗi bi kuɗi, ba ƙari ba ragi, a liƙa hotunan a baya. Kwafi biyu za ki kai, su riƙe ɗaya, su buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayan ki dawo da shi gida. Damfara ba ƙaramin laifi ba ne a Kamaru. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1, ga kuma dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamba 2010 da ta shafi laifukan da ake yi ta waya da kwamfuta. Ki faɗa a cikin takardar cewa kina neman a biya ki abin da kika rasa, don in an kama shi maganar kuɗinki ta shiga shari'ar. Bayan nan ki kira 8202 ki ba su shafin da lambobin, har da ta wanda ke yawo da sunansu. Ki kuma riƙa leƙawa kina tambayar inda aka kwana, domin takardar da mai ita bai waiwaye ta ba ƙasan tari take komawa. In wani a can ya ce ki kawo wani abu kafin a taɓa fayil ɗinki, nemi rasit.

Mata da yawa a nan suke tsayawa. Sai ka ji an ce, "Ni ina ni ina komisariya, a yi ta kallona?" Masu damfarar nan sun san haka sarai, da kunyarmu suke cin abinci. Layi ɗaya zai cuci mace a Garwa, ya cuci wata a Marwa, wata a Kusuri, kowacce ta yi shiru tana ganin ita kaɗai ce wawuya. Ƙara ɗaya takan kwanta, amma in uku ko huɗu suka taru a kan lamba guda, mai bincike yana da abin kamawa.

Akwai abin da kika ambata a gurguje wanda ni ya fi tsaya min a rai, wato hoton katinki da kika tura. Katin da ya nuna miki a matsayin nasa, ina kyautata zaton na wani bawan Allah ne da aka karɓe ta irin hanyar da aka karɓi naki. Tun 2015 doka ta wajabta a yi wa kowane layin waya rajista da katin ɗan ƙasa, don haka katin mutane ya zama haja a wurinsu: da shi suke neman buɗe layi, da shi suke kwantar wa wanda za su cuta hankali. Gobe ana iya nuna wa wata fuskarki a ce ke ce mai shago a Duwala. Saboda haka a rubuta ƙarara a takardar ƙararki cewa ranar kaza kin tura hoton katinki ga lamba kaza. Kwafin nan mai hatimi shi ne zai wanke ki in wata rana aka zo ƙofar gidanku da sunanki. A ofishin kamfanin wayar ma ki ce a duba miki layuka nawa ne ke kan katinki, wanda ba ki sani ba a rufe shi.

Wannan dalilin ne kuma ya sa zan hana ki abin da na san 'yan'uwa za su ba ki shawara, wai ki watsa hotonsa da sunansa a Facebook da zaurukan WhatsApp. Idan fuskar ta marar laifi ce, kin ɗauki alhakinsa, kin kuma jawo wa kanki magana, domin sashe na 78 na dokar 2010 ɗin nan yana hukunta mai yaɗa labarin da ba zai iya kawo hujjarsa ba da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tara mai nauyi, ko duka biyun. Gargaɗin mutane a kan shafin da salon yaudarar ba laifi, ki kuma sa ƙawayenki su kai rahoton shafin ga Facebook. Fuska da suna ki bar wa masu bincike.

Sauran gyaran waya ba shi da yawa. Sauya lambar sirrin asusunki, ta *126# in MTN ne, ta #150# in Orange ne, kada ki sa shekarar haihuwarki. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo miki ko ki danna wani abu don a mayar miki da kuɗi, kashe wayar. Lambarki ta riga ta shiga hannunsu a matsayin wadda ta taɓa biya, za su sake gwada ki da wata fuskar.

To, yanzu mu zo ga abin da ya hana ki barci, don na san ba ɗan damfarar ba ne. Matan nan tara ne, da maigida.

An cuce ki, wannan babu shakka, kuma wanda ya fi ki wayo ma an cuce shi. Amma jaka 300 ɗin nan amana ce aka ba ki ajiya, kika juya ta ba da sanin masu ita ba. Da a ce ɓarawo ne ya fasa ɗaki ya ɗauke kuɗin a inda kika saba adana su, malamanmu na Malikiyya sun ce ba a bin mai ajiya abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba. Wanda kuwa ya ɗauki ajiya ya sa a kasuwancinsa, ta koma bashi a wuyansa: in an ci riba tasa ce, in an faɗi shi zai biya. Tambayi malamin unguwarku, abin da zai gaya miki ke nan. Da kayan sun iso kin sayar, ribar ba da su za ki raba ba. Don haka asarar ma ba za a raba da su ba, kuma kada ki yarda bakinki ya furta "an sace kuɗin adashi". Ba haka aka yi ba, kuma ranar da gaskiya ta fito, ƙaryar za ta fi kuɗin yi miki illa.

Maigida za ki fara gaya wa, yau ko gobe, kafin ki taka ƙofar komisariya. Ba ma yadda za ki yi zirga-zirgar ofis da hukuma a ɓoye a gari kamar Garwa, inda ɗan acaɓan da ya ɗauke ki ma wataƙila ya san gidanku. Ya ji daga bakinki a ɗaki ya fi ya ji a majalisa daga mijin wata 'yar adashi. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki zo da takardunki, ki faɗi adadin gaba ɗaya a zama ɗaya. Kada ki ce 200 yau, jibi ki ƙaro 100, wannan shi ke sa namiji ya daina yarda da duk abin da zai biyo baya. Ki zo kuma da shirin biya a hannu, don mai cewa "ga abin da na yi, ga yadda zan gyara" ba a yi mata kallon mai cewa "ka cece ni". Zai yi faɗa, ƙyale shi ya yi, yana da gaskiyarsa. In kin san mai zafin hannu ne, ko mai saurin furta abin da ba a so, kada ki tunkare shi ke kaɗai, ki sa yayarki ko wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna. Maganar hana sana'a kuwa, bashin jaka 300 da sana'ar za a biya shi, kuma yawancin maza in hankalinsu ya dawo su ma sun san haka.

Shirin biyan ga yadda nake ganinsa. Zubi biyu suka rage kafin kwasa, jaka 200 ke nan. Waɗannan ko kusa da su kada ki je. In ma za ki iya, ki ce a riƙa miƙa su kai tsaye ga mai kwasa, ko a ajiye wurin wata dattijuwa a cikinku. Giɓin 300 kuma ki fara da abin da ke ɗakinki: atamfofin da suka rage ki sake su ko da a kan uwar kuɗi ne, ki bi waɗanda kike bi bashi, in akwai ɗan kunne ko tunkiya a sayar. Zinari ana sake saye. In ke ba ki riga kin kwashe naki ba, kwasarki mai zuwa jaka 500 ce, ki ce a cire bashin daga ciki, a rubuta a gaban kowa. Abin da ya rage ki nema wurin maigida ko 'yan'uwa, rance marar ruwa mai ranar biya. Ki nisanci masu ba da bashi da ruwa, na unguwa da na cikin waya, kuma kada ki buɗe wani sabon adashin don ki toshe wannan da kuɗinsa. Haka uwayen adashi da yawa suka fara, suka ƙare da barin gari.

Mai kwasar wannan zagaye ita za ki fara samu, ke da ita, tun kwanaki na gaba, domin wataƙila ta riga ta yi wa kuɗin nan alkawari, kuɗin makaranta ko kayan ɗakin 'ya. Ki ce mata, "Yaya, na yi miki laifi. Na taɓa kuɗin adashi na sa a sari, an damfare ni. Ga takardar hukuma. Ranar kwasa zan ba ki kaza, ragowar kuma ranar kaza." Abin da kika tabbatar za ki iya shi kaɗai za ki ambata. Bayan ita sai ki tara sauran ki maimaita musu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a yi surutu, wata ma za ta ce a karɓe littafin daga hannunki. In sun nema ki miƙa ba tare da jayayya ba, hakkinsu ne, ki ci gaba da zubinki kamar kowa.

Za a kuma kawo miki labarin wani malam ko boka da ke sa ɓarawo ya dawo da kuɗi da ƙafarsa, in an ba da kuɗin turare da baƙin bunsuru. Shi ma halinsu ɗaya da mai jaka 50. Addu'a ki yi da bakinki, ki sa iyaye su taya ki, wannan ba a biya.

In kin farfaɗo kina son sari daga Duwala, hanyar da 'yan kasuwarmu suka saba tana nan. Akwai Hausawa cike da unguwar New Bell, kasuwar Kongo kuma nan ne matattarar atamfa. Ki sami ɗan'uwa ko wanda maigida ya sani ya taka ya ga shagon da idonsa, ya kira ki ta bidiyo yana tsaye a ciki, ya ƙirga turamen, ya kai ajans da kansa ya turo miki hoton rasit, sannan kuɗi ya fita. Bidiyon shago kowa na iya kwafowa daga shafin wani. Kayan da ya taso daga Duwala zuwa Garwa bai ƙetare iyakar ƙasa ba, in ma daga waje aka shigo da shi, wanda ya shigo da shi ne ke biyan duwan tun a tashar jirgin ruwa, ba mai saye a Garwa ba. Karon farko ki gwada da turmi biyar, da kuɗinki na kanki.

Goggo